Hayar shaguna a Tasawa da Mayahi: Dokar da ke kare ɗan haya, amma 'yan kasuwa ba su san da ita ba

Daga Wakilinmu a Maraɗi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi zuwa Damagaram, idan ya iso garin Tasawa abin da zai fara cin karo da shi shi ne jerin shaguna dama da hagu na kwalta. Ga teloli, ga masu walda, ga masu gyaran babura, ga masu kayan masarufi, ga masu cajin waya da sayar da kati, ga kuma masu sito da ke tara wake da riɗi da aya kafin a loda su zuwa Najeriya. Haka lamarin yake a Mayahi da ke arewa maso yammacin Tasawa, a bakin Gulbin Kaba. Waɗannan gundumomi biyu na Jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kowace daga cikinsu tana da mutane fiye da rabin miliyan bisa ƙidayar shekarar 2012, kuma baya ga noma da kiwo babu abin da ke riƙe da jama'arsu kamar saye da sayarwa.

Sai dai da yawa daga cikin masu waɗannan sana'o'i ba su ne suka mallaki shagunan da suke ciki ba. Haya suke yi, kuma hayar ta fatar baki ce. An haɗu, an yi ciniki, an shafa Fatiha, an miƙa makulli, shi ke nan. Muddin ana zaman lafiya babu mai tunawa da takarda. Ranar da ake tunawa da ita ita ce ranar da mai shago ya aiko cewa yana son kayansa.

A ɗauki misalin tela da ya shekara bakwai a shago guda a bakin kwalta. Shi ya yi wa shagon daɓen siminti, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ja wuta, ya sayi kekuna huɗu ya zaunar da yara masu koyon aiki. Matan unguwa da na ƙauyukan kewaye sun san wurin, har idan ana yi wa baƙo kwatance da shagonsa ake yi. Ana saura mako uku Sallah, ɗinki ya taru, sai ga saƙo daga mai gida cewa bayan Sallah ya kwashe kayansa, saboda wani ya zo ya ninka kuɗin haya, ko kuma ɗansa ya dawo daga ci-rani yana son buɗe kanti. Abin da aka saba gani shi ne telan ya nemi dattawa su roƙa masa alfarmar wata ɗaya ko biyu, daga nan ya koma wani lungu ya fara neman masu ɗinki daga tushe. Bai san cewa a dokar ƙasarsa wannan saƙon baki bai isa ya fitar da shi ba, kuma idan ma an bi ƙa'ida an fitar da shi, yana da haƙƙin diyya.

Asalin dokar

Dokar da ake magana a kanta ba majalisar Nijar ce ta yi ta ba. A ranar 17 ga Oktoba 1993, a birnin Port-Louis na tsibirin Morishus, wasu ƙasashen Afirka, akasarinsu rainon Faransa, suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci da aka fi sani da OHADA. Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta. Membobin ƙungiyar sun kai 17 bayan shigar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a 2012. Sakatariyarta na Yawunde, babbar kotunta kuma na Abijan. Abin da ya bambanta dokokin OHADA da sauran yarjejeniyoyi shi ne da zarar an zartar da su suna aiki kai-tsaye a cikin kowace ƙasa, kuma suna rinjayar duk wata dokar cikin gida da ta saɓa masu. Ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ba ta shafi wannan yarjejeniya ba, domin kowace da nata tushe.

A ranar 17 ga Afrilu 1997 ne aka zartar da dokar kasuwanci ta bai-ɗaya a birnin Kwatano, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1998. A cikinta akwai babi guda kan hayar wurin kasuwanci. To amma wannan doka ta farko ta zo da wani sharaɗi da ya bar mutanen karkara a waje, inda sashe na 69 ya ce babin zai yi aiki ne kawai a garuruwan da ke da mutane fiye da 5,000. Ke nan ɗan haya a cikin garin Tasawa ko Mayahi yana da kariya, amma ɗan uwansa da ke da injin niƙa ko ɗan kanti a ƙaramin ƙauye na yankin Urafan, Korgom, Kanambakashe ko Sarkin Hausa ba shi da ita.

An yi wa dokar garambawul a ranar 15 ga Disamba 2010 a birnin Lome, sabuwar ta fara aiki a watan Mayun 2011. Gyara na farko da ya shafi wannan yanki shi ne cire wancan sharaɗi na yawan jama'a, ta yadda yanzu ƙauye da birni duk ɗaya suke. Na biyu, an sauya sunan babin zuwa hayar wurin sana'a. Na uku, a da sai ta hannun ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, wanda ake kira huissier da Faransanci, ake iya isar da sanarwar tashi ko neman sabunta haya. Yanzu an yarda da duk wata hanya da za ta tabbatar da cewa saƙon ya isa hannun wanda aka aika wa. Wannan sauƙi ne babba ga mutumin da ke nesa da Maraɗi, wanda kuɗin mota da ladan mai kai sammaci kaɗai za su iya cinye masa ribar wata.

Abin da dokar ta tanada

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne rashin takarda ba ya kashe haya. Sashe na 104 ya ce idan babu rubutu, ko ba a yanke wa'adi ba, to ana ɗaukar hayar a matsayin wadda ba ta da ƙayyadadden lokaci. A irin wannan haya, duk wanda ke son kawo ƙarshenta, mai shago ne ko ɗan haya, sashe na 125 ya wajabta masa ba da sanarwar aƙalla wata shida. Saboda haka sanarwar mako uku da aka ba telan nan ba ta da gurbi a doka.

Zuciyar babin kuwa tana sashe na 123. Duk ɗan hayar da ya shekara biyu yana gudanar da sana'ar da aka yi yarjejeniya a kanta, ya samu haƙƙin a sabunta masa haya, kuma sabuntawar ba za ta gaza shekara uku ba. Dokar ta ƙara da cewa babu wani sharaɗi da za a rubuta a takardar haya ya soke wannan haƙƙi, ko da ɗan hayar ya sa hannu da kansa.

Wannan ba ya nufin mai shago ya rasa dukiyarsa. Yana iya ƙin sabuntawa, amma sashe na 126 ya ce sai ya biya diyyar tashi. Idan ba su daidaita a kan kuɗin ba, alƙali ne zai yanke, yana la'akari da yawan cinikin da ake yi a wurin, da abin da ɗan hayar ya kashe, da matsayin wurin a gari, da kuɗin kwashe kaya. Hikimar ita ce ɗan kasuwa ba bango da rufi kaɗai yake rasawa ba idan ya tashi. Yana rasa masu sayen da ya shekara da shekaru yana tarawa, kuma sau da yawa wanda ya gaje shi a shagon shi zai ci moriyarsu.

Akwai hali biyu da mai shago zai karɓi kayansa ba tare da biyan ko dala ba, kamar yadda sashe na 127 ya bayyana. Na farko, idan ɗan hayar ya karya wani babban sharaɗi, kamar ƙin biyan haya, ko ya daina sana'ar ya rufe shagon, kuma aka yi masa gargaɗi ya ci gaba da hakan fiye da wata biyu. Na biyu, idan za a rushe ginin a sake shi. Ko a nan ɗan haya yana da damar zama har ranar da za a fara rushewa, kuma shi ke da fifiko a sabon ginin. Idan aka ƙi ba shi, ko aka mayar da wurin wani abu dabam, diyya ta dawo.

Haka kuma sayar da gida ba ya kashe haya, wanda ya saya shi zai ci gaba a matsayin mai gida. Mutuwa ma ba ta kashe ta. Idan ɗan haya ya rasu, matarsa ko iyayensa ko 'ya'yansa suna iya ci gaba da hayar matuƙar sun nemi hakan cikin wata uku. Game da ƙarin kuɗin haya, idan ba a yi wata yarjejeniya ba ana duba shi ne a lokacin sabuntawa, kuma idan aka kasa daidaitawa alƙali zai duba inda shagon yake, da girmansa, da tsufansa, da abin da maƙwabta ke biya. Game da wanda ya ƙi biyan haya kuwa, sashe na 133 ya ce a yi masa gargaɗi a ba shi wata guda, idan bai gyara ba a je kotu. Sa wa shago kwaɗo da dare ko cire kwanon rufi, kamar yadda wasu ke yi cikin fushi, ɗaukar doka ne a hannu.

Inda gizo ke saƙa

Duk da wannan tanadi, akwai ramukan da ɗan haya ke faɗawa. Wanda ya yi haya mai wa'adi, misali ta shekara uku a rubuce, dole ne ya nemi sabuntawa aƙalla wata uku kafin wa'adin ya cika. Idan ya makara, haƙƙin ya faɗi gaba ɗaya. Idan kuwa ya nema a kan lokaci, mai shago bai ba da amsa ba har ya rage wata ɗaya, to shirunsa yarda ce. Shi kuma mai hayar baki da aka ba sanarwar wata shida, idan bai yarda ba dole ne ya sanar da mai shago ƙin amincewarsa kafin wa'adin ya ƙare. Idan ya yi shiru yana jiran dattawa su sa baki har ranar ta zo, haya ta ƙare, diyya ta tafi. Wanda ya raba shagonsa biyu ya ba wani haya ba da iznin mai gida ba, shi ma ya ba da kafar da za a kama shi, domin dokar ta hana hakan sai in an yarda tun farko.

Akwai kuma wani rami da gyaran 2010 da kansa ya haƙa. A wannan gyara ne aka ƙirƙiro matsayin ƙaramin mai sana'a, wanda ake kira entreprenant, domin jawo masu ƙananan sana'o'i su yi rajista cikin sauƙi ta hanyar bayyana kansu kawai. Amma sashe na 134 ya ce mai wannan matsayi ba shi da haƙƙin sabunta haya, ba shi kuma da haƙƙin alƙali ya yanke masa kuɗin haya, sai idan sun yi yarjejeniya ta musamman da mai shago. Ma'ana, mafi rauni a cikin 'yan kasuwa, wanda aka roƙa ya fito fili ya yi rajista, shi aka cire wa rigar kariya. A yanki irin Tasawa da Mayahi inda akasarin sana'o'i ƙanana ne, wannan sashe ya cancanci a sake duba shi.

Sannan babin bai rufe kowa ba. Masu rumfuna a cikin kasuwannin hukuma da masu tebur da kes-kes a gefen titi suna zaune ne a filin gwamnati bisa izni, kuma izni ne da hukuma ke iya janyewa. Waɗanda suka ga yadda aka rushe shagunan bakin titi a Yamai a 2016 sun san ma'anar wannan.

Babbar matsala dai ita ce rashin sani, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu. An rubuta dokar da Faransanci, harsunan aikin OHADA kuma tun gyaran yarjejeniyar da aka yi a Kebek a 2008 su ne Faransanci da Turanci da Sifananci da harshen Fotugal. Kundin da Nijar ta zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma tela a Maijirgi ba shi da inda zai karanta sashe na 123 da harshensa. Kotun kasuwanci ta musamman da aka kafa bisa dokar 2015 a Yamai ta fara aiki, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci daga nan. Mutanen wannan yanki sun fi kai ƙararsu gaban mai unguwa ko hakimi ko limami, waɗanda ke yin sulhu bisa al'ada da addini, kuma ba lalle ne sun taɓa jin labarin diyyar tashi ba.

Kukan masu shaguna

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Ba duk mai shago ne attajiri ba. Akwai gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu a bakin hanya, da kuɗin hayarsu take ciyar da marayu. Akwai tsohon ma'aikaci da ya zuba kuɗin sallamarsa a gini. Akwai magada goma da ke jiran a sayar a raba. Irin waɗannan su ma sun sha wuya lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda aka ɗage a Fabrairun 2024. Ciniki ya tsaya, haya ta taru, da yawansu suka yi haƙuri ba don doka ta tilasta masu ba.

Abin da ya fi yi wa masu shaguna ciwo shi ne dokar ba ta ba su damar karɓar shago kyauta don kansu ko ɗansu ya yi kasuwanci ba. Rangwamen da sashe na 128 ya yi ya tsaya ne a kan ɗakunan kwana da ke haɗe da shagon. Uban da ke son zaunar da ɗansa don hana shi tafiya Libiya ko Aljeriya, sai ya biya diyya kafin ya shiga abin da ya gina da guminsa. Wannan na iya sa wasu su ƙi barin kowa ya cika shekara biyu a shagonsu, abin da zai mayar da kariyar ta zama cuta ga wanda aka yi ta dominsa.

Akwai kuma fuskar addini. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, haya alƙawari ne mai ɗaure ɓangarorin biyu, kuma mutuwar ɗaya ba ta warware ta, wanda ya yi daidai da abin da OHADA ta tanada. Sai dai a kan diyya akwai magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta mai gida ya biya ɗan haya idan yana son ya tashi kafin wa'adinsa ya cika, amma ba ta halatta karɓar kuɗin ba bayan wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba, saboda mai abu ya fi kowa haƙƙi da abinsa. Ko haƙƙin sabuntawa da doka ta bayar yana cikin sharuɗɗan da ɓangarorin biyu suka shiga a kansu tun farko, wannan tambaya ce da ya kamata malamanmu da masana doka su zauna a kanta, domin ɗan kasuwar da ke tsoron cin haram ba zai nemi diyyar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba.

Yadda ake yi a wasu wurare

Wannan ja-in-ja ba a Nijar kaɗai ake yin sa ba. Tsarin OHADA ya samo asali ne daga dokar Faransa ta 30 ga Satumba 1953, inda a yau hayar kasuwanci ba ta gaza shekara tara. A Ingila dokar 1954 ta ba 'yan kasuwa haƙƙin sabuntawa, amma an yarda ɓangarorin biyu su amince su ajiye shi tun farko, kuma a Nuwamban 2024 hukumar gyaran dokokin ƙasar ta buɗe jin ra'ayin jama'a kan ko tsarin ya dace da zamani. A Najeriya kuwa, dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi sanarwar wata shida ga mai hayar shekara-shekara, amma ba ta ba shi haƙƙin sabuntawa ko diyyar rasa masu saye ba. Ke nan a kan takarda ɗan haya a Tasawa ya fi takwaransa na Legas gata.

Mafita

Gyara dokar kanta ba abu ne da Nijar za ta yi ita kaɗai ba, domin majalisar ministocin shari'a da na kuɗi ta OHADA ce ke da wannan iko, kuma sai duk ƙasashen da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Amma wakilan Nijar na iya kai batu biyu: mayar wa ƙaramin mai sana'a haƙƙinsa, da samar wa ƙaramin mai gida hanyar karɓar shagonsa don buƙatar iyalinsa bisa sharuɗɗa masu tsauri.

Sauran kuwa ba sai an je Yawunde ba. Ma'aikatar Shari'a na iya fassara wannan babi, wanda bai wuce sassa 34 ba, zuwa Hausa da boko da ajami. Gidajen rediyon karkara na iya karanta shi. Hukumomin gari da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya buga takardar haya mai shafi ɗaya, wadda za a cike a gaban shaidu biyu. Sarakuna da limamai masu sulhu su ma a sanar da su wa'adodin nan na wata shida da wata uku, don kada a ɓata lokaci ana kai-komo har haƙƙin mutum ya faɗi.

Shi kuma ɗan haya, abin da ke hannunsa ba shi da tsada. Ya riƙa karɓar rasit duk wata, ko da a littafin makaranta ne mai gida zai sa hannu, domin da shi zai tabbatar da shekarunsa biyu. Kada ya yi gini ko gyara sai da iznin mai gida a rubuce, saboda da wannan izni ne zai iya neman a biya shi abin da ya kashe. Ya biya hayarsa a kan lokaci, domin dokar ba ta kare mai taurin bashi. Idan kuma sanarwar tashi ta zo, ya rubuta amsarsa ya miƙa a gaban shaidu tun kafin ya tafi neman dattawa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu zaman lafiya da arziki mai albarka, amin.